Wanda Ya Riga Gemun Tsoho Shuka

Shekara bakwai Tsekiso ya yi a Durban, ranar da ya dawo Ha Sekete kuwa ya tarar garin bai tsaya jiransa ba. An kafa dogon ƙarfen waya a kan tudun da yake kiwon tumaki yana yaro. Cocinsu ta samu jan rufin kwano. Gadar katakon nan mai rawa an rushe ta an zuba ta siminti, jakuna dai har yanzu ta cikin ruwa suke bi. Mme Mapuleng mai shago ta sayi firij, ko da yake wata takwas a shekara garin gaba ɗayansa firij ne. Yarinyar da ya ce ta jira shi ta jira wata biyar, yanzu 'ya'yanta uku. Karen gidansu ya mutu, ɗansa ya gaji ƙofa, ya kuma raka Tsekiso da haushi tun daga kan hanya har bakin ɗaki. Kakansa Ntate Mosala shekara uku ke nan yana kwance a maƙabartar da ke kan gangare. Jikan bai zo jana'iza ba, wai aiki ne ya riƙe shi.

Abin da ya samu yadda ya bar shi bai wuce kakarsa Nkhono Malineo ba, sai sanyi, sai Gemun Tsoho.

Gemun Tsoho wani tsagi ne a wuyan dutsen da ke kallon garin, inda rana ba ta cika leƙawa ba. Ƙanƙarar hunturu takan narke ko'ina ta bar farin layin nan yana reto kamar gemu. Duk mai gona a Ha Sekete can yake fara dubawa da safe tun kafin ya gaida matarsa. Muddin da sauran fari a wurin, ko na tsawon yatsa ne, farar raɓa mai ƙona shuka ba ta gama da su ba, ba kuma wanda zai sa wake ko kabewa a ƙasa. Sai tsoho ya yi aski, galibi ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba.

A ƙarshen Agusta Tsekiso ya sauko daga mota sanye da koriyar riga mai hoton ganye a ƙirji. Kwana uku bai cire ta ba. Ya ce ta wani katafaren gidan sayar da furanni ce, inda ba a motsa tukunya sai an tambaye shi.

"Layi suke yi don su ji ta bakina," ya gaya wa mazauna bencin ƙofar shagon Mme Mapuleng. "Mace za ta zo a mota tana hawaye, furenta na mutuwa. Ganye ɗaya zan duba in ce, Madam, kin cika ba shi ruwa. Shi ke nan. Ta tafi tana sa mini albarka."

Ntate Sekoala, maƙwabcinsu, wanda ya yi shekara talatin a ramin zinari ya dawo da tari da baki mai kaifi, ya gyara bargonsa.

"To, sannu Likitan Ganye. Tsarabar tana bayan mota ne, ko da rigar kawai aka sallame ka?"

"Ilimi na kawo, Ntate. Ba a ɗaukar shi a jaka."

"Na lura. Jakar kamar ba ta wahalar da kai ba."

A satin nan ne saƙo ya zo daga kawunsa, Malome Pitso, cewa an gama sassaƙa dutsen kabarin Ntate Mosala, za a yi bikin yaye wa dutsen ƙyalle Asabar ta biyu a Disamba, lokacin da 'yan ma'adinai ke samun hutu. Za a yanka sa, dangi za su zo har daga Maseru, babban birni.

Nkhono ta ji saƙon ta ɗaga kai ta dubi saman bangon ɗakinta, inda wani tsohon gwangwanin taba yake.

"Kaico. Da Janairu suka sa, da ya ga furensa."

Irin furen ziniya ne a gwangwanin. Ntate Mosala ne ya zo da shi yana saurayi, ya tsinko a lambun wani shugaban ma'adinai ya ɓoye a safa, da shi ya je zance. Ja ne mai duhu, irin da ba a samu a shago. Shekara arba'in da 'yan kai Nkhono tana shuka shi a ƙofar ɗaki, da mijin ya rasu ta koma shukawa a gefen kabarinsa. Kowace kaka ta tsinke busassun kawunan ta murza ta cika gwangwani. In tsoho ya yi aski ta shuka, a Janairu ya yi fure.

Tsekiso ya ajiye cokali.

"Wa ya ce sai Janairu? Ziniya kwana sittin zuwa saba'in take so. A shuka farkon Satumba, kafin Disamba kabarin nan sai an nemi dutsen an rasa don fure."

"Ka dubi Gemun Tsoho?"

"Nkhono, ba a tambayar dutse kwanan wata. Ga waya." Ya daddanna ya juya mata fuskar. "Kin gani? Sati biyu ba sanyi. Rana, rana, rana."

"Wayar nan a wane gari take kwana?"

"Maseru take nunawa, amma ai ƙasa ɗaya ce."

"Je ka ka shuka a Maseru."

Ranar Alhamis matan coci ke addu'a. Nkhono na fita da farar rigarta da jar ɗamara, Tsekiso ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin. Ya riga ya zaɓi wuri: kwarin nan na bakin rafi, ƙasa da gidaje, inda ba mai noma komai. Ga ruwa kusa, ga ba iska. Shi mamaki ma yake yi yadda mutanen garin nan suka zauna shekara ɗari ba wanda ya lura.

Yana cikin haƙa Ntate Sekoala ya leƙo daga saman gangaren da tumakinsa.

"Likita, kabarin wa ake tonawa?"

"Lambu ne."

"Eh, shi nake nufi. Kai, saurara. Sanyi kamar ruwa yake, ƙasa yake gangarowa ya kwanta. Nan ne gadonsa. Kare ma ba ya kwana a kwarin nan."

"Kare bai yi aiki a Durban ba."

"Shi ya sa yake da sauran hankalinsa."

Tsekiso ya yi kunya goma sha biyu, ya ja igiya, ya daidaita su tsaf kamar layin sojoji. Ya zazzage gwangwanin har da bubbuga gindinsa. Da Nkhono ta dawo ta tarar da shi a kan tebur, murfi a gefe. Ta ɗauka ta leƙa ciki ta daɗe.

"Duka?"

"Duka. Mu ba ma shuka da rowa."

"Irin nan ya girmi uwarka, Tsekiso."

"To bana zai ga duniya."

Nkhono ta rufe gwangwanin ta mayar da shi saman bango, ta sa masa tuwon masara kamar kullum.

Abin haushi, sai rana ta goyi bayansa. Kwana goma aka yi ana zafi, mata suka fara saukar da bargo zuwa ƙugu. Ranar sha ɗaya kunyoyin suka yi kore, 'yan ganye bibbiyu a jere. Tsekiso ya samo allo ya rubuta da jan fenti, LAMBUN ZAMANI, T. MOSALA, ya kafa a bakin hanya. Duk wanda ya wuce sai ya ja shi ya gani. Fadan cocinsu ma da ya zo a kan doki sai da ya sauka.

"Ina masu duba gemu?" in ji shi a ƙofar shago. "Ga gemu can, ga fure nan. In kuka bi ni a hankali, badi Ha Sekete za ta riƙa tura furanni Maseru a mota."

"Abuti Tsekiso," in ji Mme Mapuleng, wato Yaya Tsekiso, "in ka yi arziki kar ka manta da mu masu sayar da kyandir."

Wata yamma iska ta ɗauke cak. Sama ta yi fes, ba gajimare ko na magani, hayaƙin gidaje ya miƙe sama kamar sanda. Nkhono ta shigar da kajinta da wuri, ta juye ruwan bokitin waje.

"Yau farar raɓa za ta sauko," ta ce.

"Waya ta ce digiri bakwai."

"Gaya wa wayar ta sa bargo."

Da safe kwarin ya yi furfura. Ba da yawa ba, amma kunya biyun da suka fi kusa da rafi sun yi baƙi sun kwanta kamar an ƙona su da taba. Tsekiso ya ce ai wannan tacewa ce, raunana ne suka tafi. Amma maganar bargon da kakarsa ta yi ta zauna masa. Da rana ta kusa faɗuwa ya bi gida ya kwashe barguna: nasa, na baƙi, na marigayi, har da shuɗin nan mai hoton masara da Nkhono ba ta yafawa sai ranar biki. Bai isa ba, ya biya ta igiyar shanyar Mme Mapuleng ya ari biyu, da niyyar ya gaya mata daga baya. Ya shimfiɗa su ɗaiɗai a kan shukar, ya danne gefe da duwatsu.

Tumakin Ntate Sekoala, da suka saba kwana a kan tsakuwa, ba su taɓa ganin karamci irin wannan ba. Gari na wayewa aka tarar da goma sha huɗu a kwance a kan bargunan, suna tuƙa, ragon nan babba ya zaɓi shuɗin mai masara.

Ihun Mme Mapuleng ne ya tada garin.

"Bargona! Bargon aurena! Tsekiso, uban wa ya ce ka yi wa tumaki shimfiɗa da shi?"

"Mme, dabara ce ta kimiyya..."

"Zo nan in nuna maka kimiyya!"

Ntate Sekoala ya gangaro yana dariya yana tari, sai da ya dafa allon.

"Likita, na gode. Matata shekara arba'in ba ta yi mini shimfiɗa irin wannan ba. Gobe ma akwai ɗaki, ko sai an yi rajista?"

Da aka ɗaga bargunan, kunya huɗu sun zama tabarma. Saura shida. Tsekiso ya wuni a rafi yana wankin kashin tumaki, ruwan na yanka masa yatsu, mata na wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya tuna ya taɓa jin cewa manyan manoma hayaƙi suke yi wa gonakinsu. Bayan ɗakin Nkhono akwai busasshen kashin shanu da ta jera tun kaka, tsibi guda har kafaɗa, da shi take girki da ɗumama ɗaki. Ranar Laraba da la'asar, tana can wajen wata mai jego, ya yi sawu takwas da baro. Ya kewaye lambun da tsibi-tsibi, ya ɗora ɗanyar ciyawa don hayaƙin ya yi kauri, ya ƙyasta ashana.

Hayaƙi kam ya yi kauri. Sai dai bai tsaya a kwarin ba. Wata 'yar iska ta ɗebo shi ta haura da shi cikin gari, ta bi ta kan igiyoyin da matan coci suka shanya fararen rigunansu na gobe Alhamis, ta shiga coci ta fito ta taga. Wani ya hango baƙin hayaƙi daga bakin rafi ya kwarma ihu, "Gobara!" Aka buga ƙararrawa. Maza da mata suka gangaro da bokitai da rassan itace, ba mai ganin gabansa, Tsekiso na tsakiya yana ɗaga hannu yana tari.

"Ku tsaya! Da gangan ne! Kuna taka mini..."

Bokitin farko a fuskarsa ya sauka. Mme Mapuleng ce, kuma har yau ta rantse ba ta gan shi ba.

Da hayaƙi ya lafa, kunya biyu suka rage, su ma da sawun takalmin roba a jikinsu. Matan coci suka je addu'a washegari da riguna masu launin toka, suna warin turke. Nkhono ta tsaya a bayan ɗaki tana kallon inda tsibinta yake a da.

"Da me za mu dafa tuwo?"

"Nkhono, in furen nan ya fito..."

"Sai mu dafa da shi?"

Kwana biyar bayan haka babbar farar raɓar ta sauko, wadda kowa ke jira ban da waya. Ruwan kwano ya zama dutse. Ciyawa na ƙara ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Tsekiso ya gangara da gudu ya tarar da kunyoyinsa biyu fari fat, kowane ganye a tsaye ƙiƙam kamar na gilas. Ya ce ai ba su mutu ba, suma suka yi. Ya koma gida ya sauke butar shayin Nkhono daga wuta tana tafasa, ya dawo ya bi su layi-layi yana tsiyayawa. Tururi ya tashi. Ƙamshi ya tashi.

Ntate Sekoala na tsaye a sama, hular sanyi har gira.

"Ka sa gishiri?"

Tsekiso ya tsuguna ya taɓa ganye ɗaya, ya narke masa a yatsa.

Da ya koma gida Nkhono na zaune da gwangwanin a cinya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta buɗe, ta shafa cikinsa da yatsa ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a lungu, ba ta samu ba, ta rufe.

"Da kakanka ya kawo mini shi," ta ce, "safar tasa har wari take. Na ce wane irin saurayi ne wannan, wasu na kawo sabulu."

Sati uku Tsekiso bai je ƙofar shago ba. Koriyar rigar ma ya sa ta ƙarƙashin filo.

A ƙarshen Oktoba tsoho ya yi aski. Ruwa ya sauka kwana biyu, garin ya fita da fartanya. Tsekiso ya bi ta kwarin don ya cire allonsa kafin wani ya yi itace da shi, sai ya tsaya turus. Kunyoyin nan goma sha biyu sun yi kore shar, tsiro a kan tsiro. Toka, kashin tumaki da ruwan bokitin rabin gari sun yi aikinsu.

Kafin azahar rigar ta dawo jikinsa.

"Me na gaya muku? Me na gaya muku! Irin da ya yi zurfi ne, ya ƙi fitowa sai da ya ga na gyara masa ƙasa. Duk abin nan da kuka ga ina yi, lissafi ne."

Mme Mapuleng ta gangara da wasu mata uku su gani. Suka sunkuya, suka dubi ganyen, suka dubi juna. Ɗaya ta buɗe baki, Mme Mapuleng ta taka mata ƙafa.

"Kai, Abuti Tsekiso, mun yi maka rashin kunya. Wannan ziniya ai ba mu taɓa ganin mai lafiyarta ba."

"Ta Durban haka take."

"Ka riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Taki ma kar ka yi mata rowa."

"Mme, ni za ki koya wa?"

Ya kuwa dage. Safe da yamma yana ɗibar ruwa, ya kewaye lambun da ƙaya, ya sa wa tumakin Ntate Sekoala ido. Shuka ta kai gwiwa, ganye faffaɗa, kai ya fara yin jan tukku. Ya ce toho ne. Ya ja Nkhono ta gani, ta tsaya daga saman gangare ta duba sau ɗaya.

"Za ta yi amfani," ta ce, ta juya. Kwanakin nan kullum da sassafe takan hau maƙabarta ita kaɗai, har ranar da magina suka zo kafa dutsen tana tsaye a kansu da sanda, tana nuna musu inda za su taka. Tsekiso ya ce tsufa ne.

Asabar ɗin ta zo. Motoci sun cika bakin gada, an yanka sa tun jiya, manyan tukwanen ƙarfe na jere a tsakar gida. Malome Pitso, ƙato mai ƙaramar murya, na ta karɓar baƙi. Tsekiso ya goge takalmi, ya ari almakashi, ya tara 'yan Maseru su goma.

"Ku zo ku ga abin da za a ɗora wa kakana. Bai gama buɗewa ba, amma masu ido za su gane."

Suka gangara. Lambu dai ga shi, ƙaya ga ta, allo ga shi. Shuka kuwa an yi mata aski tas, sai guntayen kara.

Ihun da ya yi sai da dawakin baƙi suka zabura. Ya hauro da gudu har tsakiyar taro, almakashi a hannu.

"An yi mini sata! Hassada ce! Wata uku ina wahala, an bi asuba an yanke mini fure! Duk wanda ya yi, ya fito!"

"Ga ni," in ji Mme Mapuleng. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga murfin babbar tukunya. Miyar ganye ce ke ɓararraka, kore shar, da albasa. "Ga furenka, Abuti. Alayyahun daji. Wanda uwarka ta yaye ka da shi. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi masa shinge ba, Allah ya yi maka albarka."

Tsakar gidan ta fashe. Wata tsohuwa 'yar Maseru ta zauna a ƙasa don dariya. Fada ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Akwai ziniyar da ke kama da..." Tsekiso ya fara.

"Likita," in ji Ntate Sekoala, "ka ɗanɗana tukuna. Wataƙila cokali ya gane abin da ido bai gane ba."

Malome Pitso ya matso yana share hawaye.

"Wai tsaya, me ya gaya muku yana yi a Durban? Ai na je wurin, shekara biyu da suka wuce. Baro yake turawa daga ƙofa zuwa motocin mutane. Buhun taki, tukwane, tsakuwa. Yana da ƙoƙari kam, ba ya fasa tukunya sosai."

"Ina ba su shawara a hanya!"

"Eh, na ji ka. Ka ce wa wata ta buɗe bayan motar."

Tsekiso ya waiga, ko'ina haƙora ne. Ya hango fartanya jingine da bango ya fizge ta. In fure ya gagara, ai akwai abin da zai yi wa kakansa kafin jama'a su hau. Jiya da ya leƙa daga nesa ya ga ciyayi sun cika gefen kabarin, ba wanda ya damu ya share, ga baƙi daga birni.

"Ku yi ta dariya," ya ce. "Kabarin mutum na cikin ciyawa kuna nan kuna lasar miya."

Nkhono na cikin ɗaki ana ɗaura mata shuɗin bargo, ba ta ji ba.

Da jama'a suka hauro da waƙa, Fada a gaba, dutsen na lulluɓe da farin ƙyalle, Tsekiso ya kusa gamawa. Ya tuɓe riga, gumi na zuba, ya tara abin da ya sare tsibi guda a gefe don kowa ya gani. Ya ɗaga fartanya zai kai wa na ƙarshe.

Ba wanda ya san Nkhono Malineo na iya gudu. Sandarta ta daki ƙotar fartanyar sai da ta fice daga hannunsa. Waƙar ta tsaya.

"Ciyawa ce, Nkhono, ina share..."

Ta durƙusa da bargon bikinta a cikin ƙasa. Ta ɗauki ɗaya daga cikin tsibin, ganye bibbiyu masu kaushi suna fuskantar juna, a samansa ɗan toho kamar maɓalli. Ta ɗaga masa har hanci.

"Wannan ita ce ziniya, Likita. Ku gaisa."

Ba wanda ya yi dariya.

"Wadda ta zube bara ce. Tana kwance a nan duk hunturu, ba bargo, ba hayaƙi, ba ruwan zafi. Tsoho na yin aski ta fito da kanta. Talatin da ɗaya ne, kullum sai na ƙirga."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Don kar ka taimaka."

Nan ne Ntate Sekoala ya kasa riƙewa, tarinsa ya ja sauran, har Fada sai da ya rufe fuska da littafi. Amma Nkhono ba ta ɗago ba. Tana tattara ƙasa da hannu a gindin waɗanda suka tsira. Uku ne. Ɗaya tohonta ya tsage, ja mai duhu na leƙowa kamar bakin ɗan tsako.

Aka yaye ƙyalle, aka karanta sunan Ntate Mosala, aka yi addu'a. Da aka sauko cin abinci kowa ya yabi miyar. Baƙin Maseru suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Tsekiso godiya, wasu har da neman ƙari.

Kwana huɗu bayan nan jakarsa na buɗe a kan gado. Ya ninke koriyar rigar ya sa a ƙasa, ya sake tunani ya ciro ta ya sa a sama. Ya ce wani abokinsa ya kira shi daga Cape Town, gonakin inabi na neman wanda ya san sanyi ciki da waje.

"Kuma yanzu wa ya kai ni saninsa? Mutanen nan ba su san darajar gwaji ba, Nkhono. Garin nan ya yi mini kaɗan."

"Ya yi maka," ta ce. Tana ɗaure masa gurasar da ta turara da sauran naman sa a leda. Hannunta duk karcen ƙaya ne, don tun washegarin biki ta kewaye ukun nan da shinge har ƙugu, ta kuma ɗaure ƙofarsa da waya.

"Zan turo miki iri daga can. Na zamani, kala bakwai."

"Kar ka wahalar da kanka. A Maris zan tsinke nawa." Ta miƙa hannu saman bango ta sauko da gwangwanin, ta goge shi da gefen zane, ta sa a aljihun rigarta ta danna. "Motar taka ƙarfe nawa?"

"Bakwai na safe. Za ki raka ni gada?"

"A'a, ina da aiki. Zan hau in cire ƙayar nan, tana tare musu rana."

Tsekiso ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Ki cire? To tumakin Ntate Sekoala fa?"

"Tumaki ba su taɓa damun su ba," in ji Nkhono. Ta tura masa ledar cikin jaka, ta ja zif ɗin da kanta.